Hure Mai Ɗorin Gidan Kanya

A Gidan Kanya, wani ƙauye da ke yankin Tsanyawa, inda gonar wannan take manne da ta wancan har ba a gane iyaka sai da jerin gamba, an yi wata mata da ake kira Hure mai ɗori. Ba ita ta nemi sana'ar ba, sana'ar ce ta same ta a gida. Mahaifinta, Malam Ado, shi ne maɗorin yankin, kuma ya so ƙwarai ya bar wa 'ya'yansa maza abin da ya sani. Sai dai babban ba ya iya jure ihun mai karaya, ƙaramin kuma hankalinsa na kan fataucin awaki. Saboda haka Hure ce ta tashi tana fere masa karan dawa, tana yaga tsumma, tana narka man shanu, har ta kai ga yana cewa ta sa hannu ta ji inda ƙashi ya rabu.

Doguwa ce, mai babbar murya da manyan hannuwa. Tun tana budurwa ƙawayenta ke tsokanarta cewa awarwaro ba ya shiga hannunta, ita kuwa ta fi su dariya in sun faɗa. Ta auri Sammani, wani gajeren manomi mai sanyin hali, wanda in ya gaishe ka ya tambayi iyali to ya gama maganar ranar. Mutane sun yi ta mamakin haɗin, amma su biyun ba su taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Bayan rasuwar Malam Ado, aka ci gaba da kawo masu karaya gidan Sammani. Ita ke ja ta daidaita, shi ke riƙe majinyaci. Duk kaka yakan ware mata karan dawa mafi miƙewa ya ɗaure a saman rumfa, kuma babu mai taɓa su, ko da itacen girki ya ƙare.

Yawancin waɗanda ake kawo mata yara ne da suka faɗo daga mangwaro, sai wanda jaki ya kayar, sai makiyayin da sa ya taka. Haka aka yi ta tafiya har 'ya'yanta suka girma suka yi nasu gidajen.

Sai shekarun fari suka zo. A damina ta farko ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Ta biyu ma ta fi muni, domin an yi shuka ta mutu, aka sake ta mutu, har iri ya ƙare a hannun mutane. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Aka koma cin tafasa da rama da dusa, garin rogo ya zama abincin mai hali. Samari suka tafi ci-rani Kano da kudu, waɗanda suka rage kuma suka yini a gindin bishiya ba abin yi, su dawo gida su tarar da yara na kuka. A lokacin ne Hure ta lura cewa masu zuwa wurinta sun sauya. Yara sun daina hawa bishiya, ba su da ƙarfin hawa. Mata ne suka fara zuwa, kowace da hannu a naɗe cikin mayafi, kowace da labarinta: wannan santsi ya ja ta a bakin rijiya, waccan ta yi tuntuɓe da turmi.

Hure ta san ba haka ba ne. Wanda ya faɗi, da tafin hannu yake dafa ƙasa, don haka a wuyan hannu yake karyewa. Waɗannan kuwa a tsakiya suke karyewa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ta gefen ƙaramin yatsa, wato daidai inda sanda ke sauka in mutum ya ɗaga hannu ya kare kansa. Amma mahaifinta ya koya mata cewa maɗori ba ya tambayar abin da ba a gaya masa ba. Ta yi ta ɗaurawa tana sallamarsu da addu'a, in sun tafi ta kasa cin abinci.

Wadda ta sa ta daina yin shiru ita ce Lauratu, matar Basiru. Shi Basiru ɗan wan Sammani ne, kuma uwarsa ta rasu yana ƙarami, a bayan Hure ya yi wayo. Hure ce ta je nema masa auren Lauratu, yarinya mai fara'a wadda ta zo gidan miji da akuya guda da kakarta ta ba ta. Wata safiya Lauratu ta shigo da goyo a baya, ta durƙusa ta gaida Hure, ta ce ta zame a rijiya. Hure ta kwance mayafin ta shafa hannun. Wannan ne zuwanta na biyu da wannan hannun, kuma sabuwar karayar tana dab da tsohuwar.

"'Yar nan," in ji Hure, "rijiya ba ta da ƙota. Gaya mini."

Lauratu ta faɗa mata a hankali. Basiru ne ya so kai akuyar kasuwa, ita kuma ta hana, domin nononta ya ragu kuma na akuyar ne ke riƙe da jaririn. Ya ce ta raina shi don ba shi da abin ba ta, ya ɗauki ƙotar fartanya. Ta roƙi Hure kada ta gaya wa kowa, ta ce ba halinsa ba ne, yunwa ce.

Hure ta karɓi jaririn ta kwantar a tabarma, ta ce wa Sammani ya je ya kira mata Basiru, kuma ya yi sauri don yarinyar na jin jiki. Sammani ya dube ta, ya dubi hannun, ya sa takalmi ya fita. Ba a jima ba suka shigo tare. Basiru ya tsuguna ya ce, "Inna, ina kwana," idonsa a ƙasa. Ba ta amsa gaisuwar ba, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Zauna a bayanta ka riƙe kafaɗar," ta ce. "Yau Babanka zai huta. Kai ka karya, da kai za a gyara."

Ya zauna ya riƙe. Hure ta yi bismillah ta ja hannun. Lauratu ta cusa gefen zaninta a baki ta cije, ba ta yi ihu ba, amma jikinta duka ya ɗauki rawa, kuma Basiru ya ji rawar a ƙirjinsa, ya ji yadda ƙashin ya goga da ɗan'uwansa kafin ya zauna. Kafin a gama jera kara gumi ya jiƙe masa riga. Da aka ɗaure, ya tashi ya zaga bayan rumbu, aka ji yana kakarin amai, ga shi babu komai a cikinsa. Da ya dawo, Hure ta gaya masa cewa Lauratu za ta zauna a wurinta har ƙashi ya kama, ya je ya kawo akuyar, kuma za ta aika wa yayan Lauratu ya san abin da ake ciki. Basiru ya buɗe baki zai yi magana, Sammani ya ce, "Je ka kawo akuyar." Ya tafi ya kawo.

Daga ranar Hure ta kafa ƙa'ida. Duk matar da aka kawo da karayar duka, mijin zai zo ya riƙe, matar za ta yi jinya a gidan Hure, kuma danginta za su ji. Ta je wurin mai gari ta faɗa masa abin da take gani. Ya saurare ta da mutunci, ya ce maganar cikin gida ce, kuma a irin wannan lokaci kowa zuciyarsa a kusa take. Ba ta yi musu ba, ta wuce gidan liman, Malam Abdussalam, ta tsaya daga zaure ta yi masa bayani. Ya tambaye ta me take so ya yi. Ta ce ba ta zo koya masa karatu ba, abin da take roƙo shi ne ya gaya wa maza abin da ya sani game da zaman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da iyalinsa, a lokacin da su ma suke daɗewa ba a hura wuta a gidan ba. Liman ya ce ta tafi ya ji. Tun daga makon bai bar maganar ba. Ya yi ta bayan sallar la'asar, ya yi ta a wurin suna, ya yi ta a wurin ɗaurin aure, har wasu suka fara cewa Malam ya manta sauran karatun.

Ɗakin da 'ya'yan Hure mata suka tashi a ciki ya koma ɗakin jinya. Wani lokaci mace ɗaya ce, wani lokaci har da na kwana a rumfa. Kowace hannu ɗaya gare ta, don haka sai su haɗu biyu a taɓarya guda, wannan da dama waccan da hagu, suna daka suna kuskure suna dariya. Hure na zaune tana tsefe wa wata kai tana yi musu tsiya, tana cewa ba ta taɓa ganin mata biyu sun zama mace ɗaya ba sai a gidanta. Wasunsu sun ce rabon da su yi dariya irin wannan tun kafin ruwa ya ɗauke.

Abincin ne matsala. Wata rana Sammani ya leƙa rumbu ya daɗe, ya sauko ya ce, "Hure, rumbun nan fa ba ya haihuwa." Ta ce ta sani. Washegari da aka kai masa koko ya ce yana azumi. Ya fara da Litinin da Alhamis, daga baya ya ƙara da wasu ranakun, yana cewa tsufa ya zo, gara mutum ya yi guzuri. Hure ta gane sarai, amma ba ta tona shi ba. Abin da ta yi shi ne, in an sha ruwa ta zauna kusa da shi ta ce ita ta ƙoshi da rana, ta tura masa nata kwanon. Shi ma ya gane. Sai su yi ta tura wa juna kwano har tuwon ya huce, sannan su raba.

Da hannun Lauratu ya kama, yayanta ya zo daga ƙauyensu ya ce zai tafi da ita. Basiru kuma ya yi ta zarya, kullum da ɗan abin da ya samo, yau ganyen akuya, gobe 'ya'yan goruba. Hure ta kore su duka waje, ta zauna da Lauratu su biyu, ta tambaye ta abin da ita take so. Ta ce mata kada ta duba Basiru don ɗanta ne, kada kuma ta ji kunyar yayanta. Lauratu ta ce za ta koma, amma akuyar tata ce, kuma in ya sake ko da ɗaga hannu ne, ba ta dawowa. Hure ta kira su ta sa ta maimaita a gabansu da bakinta. Basiru bai sake ba. Ya tafi ci-rani ya yi dako a Kano, ya dawo da ɗan hatsi, kuma har tsufansa ba ya iya tsayawa a inda ake ɗori.

Amma ƙa'idar ta zo da abin da Hure ba ta hango ba. Bayan wani lokaci mata suka rage zuwa, ta ɗauka abin ya yi sauƙi, har ta yi wa Allah godiya. Sai a wani taron suna ta ga Safara'u, matar Dabo mahauci, tana karɓar kwano da hagu, damanta a ɓoye cikin mayafi. Ta ja ta gefe ta buɗe. Hannun ya karye ya haɗe da kansa a karkace, yatsun ba sa rufuwa. Safara'u ta ce Dabo ya rantse ba mai zaunar da shi kamar yaro a gaban mata, saboda haka ya hana ta fita, ya ɗaure mata da kansa da tsumman buhu.

Hure ba ta tsaya cin abincin suna ba. Ta koma gida ta zauna a gindin turmi ta yi kuka, irin kukan da Sammani bai gani ba tun rasuwar mahaifinta. Ta ce ƙa'idarta ce ta nakasa yarinyar nan, da ba ta kafa ta ba da an kawo ta tun ranar.

"Ba ke kika ɗaga sandar ba," in ji Sammani. "Amma tun da sun daina zuwa, sai ki je."

Haka ta yi. Ta aika a gaya wa mata cewa ɗori ba shi da sharaɗi, duk wadda ta zo za a ɗaura mata, ko mijin ya zo ko bai zo ba, magana ta biyo baya. Sannan ta bi tsofaffin matan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya, waɗanda shekaru suka ba su damar shiga kowane gida ba a tare su. Suka yi shawara cewa duk wadda ta ji hayaniya ta tashi a maƙwabta, kada ta tsaya saurare ta katanga, ta ɗauki sandarta ta shiga ta ce ta zo neman kanwa, ta sami wuri ta zauna, kada ta tashi sai wuta ta mutu. Abin ya yi aiki fiye da yadda suka zata. Namiji yana cikin faɗa sai ya ji sallamar tsohuwa, dole ya sauke murya ya gaishe ta, ita kuwa ta shimfiɗa zance, daga ciwon gwiwa zuwa labarin auren kakarsa, har ya gaji ya fita. Ba a daɗe ba kowa ya san ma'anar neman kanwa, kuma ba namijin da ke so a ce an je neman kanwa gidansa. Ba duka aka hana ba. Akwai gidajen da ke can cikin gonaki inda ba mai jin komai, akwai kuma matan da har suka mutu ba su faɗa ba. Hure ta san da haka, kuma ba ta taɓa cewa ta gama da abin ba.

Ita Safara'u, da Hure ta tambaye ta, ta ce ba ta son komawa ɗakin Dabo ko na kwana ɗaya. Mahaifinta ya ce ta yi haƙuri, shi ma ba shi da abin ciyar da ita. Dabo ya ce ba ya saki. Sai Hure ta ɗaura zaninta na zuwa biki, ta kama hannun Safara'u mai lafiya, suka shiga motar kasuwa zuwa gaban alƙali. Ba ta taɓa shiga kotu ba. Ta cire takalmi tun daga waje, ta gaida alƙali ta tambaye shi iyali da gajiya kamar ta je gidansa, har magatakarda ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da aka ba ta dama, ta miƙa nata hannun ta nuna inda mai faɗuwa ke karyewa da inda mai kare duka ke karyewa, sannan ta ɗaga na Safara'u. Alƙali ya saurara, ya sa aka kira Dabo da maƙwabta a zama na gaba, kuma maƙwabtan suka faɗi abin da suka sha ji. Aka raba auren saboda cutarwa. Safara'u ta zauna gidan Hure har fari ya wuce, tana soya ƙuli-ƙuli da hannun hagu, daga baya ta auri wani mai awon hatsi a Shanono. Dabo kuwa ya yi shekaru ba ya gaida Hure. Ita takan gaishe shi duk inda suka haɗu, da babbar muryarta, ko yana cikin mutane.

Ruwa ya dawo, rumbuna suka cika, yara suka koma faɗowa daga mangwaro. Sammani ya rasu wata kaka bayan an gama yankan dawa, ciwon kwana kaɗan. Hure ta rage surutu bayansa, kamar ta karɓi rabin shirunsa ta riƙe. Da aka buɗe ƙaramin asibiti a kusa, takan duba karaya ta ce wannan tata ce, wannan kuma a kai a ɗauki hoto, ba ta jin nauyin faɗar haka. A hankali sanyin ƙashi ya kama yatsunta har ta daina ja.

A shekarunta na ƙarshe wata al'ada ta taso wadda ba wanda ya san ranar da ta fara. In an kawo amarya Gidan Kanya, bayan kwana biyu ango yakan kai ta gaida Inna Hure. Takan sa amaryar ta zauna kusa da ita, ta kama hannuwanta biyu ta shafa daga kafaɗa har yatsu, tana tambayarta sunan garinsu da wanda ya yi mata lalle. Sannan ta juya wurin angon.

"Na duba, lafiya lau aka kawo maka ita," takan ce. "Ka ji ko?"

Ango ya yi dariya ya ce ya ji, Inna. Sai ta sa musu albarka, ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ba amarya goro ko ɗan dabino.

Ta rasu da damina, ranar wata Laraba da hantsi, tana jingine a rumfa jikokinta na ɓarar gyaɗa a gabanta. An yi ruwa da safe, hanyoyi duk sun cika da laka, amma kafin azahar gidan ya kasa ɗaukar mata. Wasu daga ƙauyukan da ke nesa suka zo a ƙafa, takalma a hannu, har da waɗanda 'ya'yanta ba su san su ba. Bayan an kai ta, mazan suka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, matan kuma suka hura wuta a ciki, suka dafa wa baƙi abinci har yamma.